Lissafin kwanakin al'ada da gane ranar fitar ƙwai: shin kalanda kaɗai ta isa?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar "rana ta 14" ta sake tasowa. Wasu na cewa kowace mace ranar ce ƙwanta ke fita, wasu na cewa lissafin banza ne. Tunda muna da masu aikin lafiya a cikinmu, a baje mana abin dalla-dalla, da mai neman ciki da mai son tazara kowa ta ɗauki nata. Hajiya, bismillah, ku fara mana.

Hajiya Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Kafin a je rana ta 14 a gyara ƙirgar tukuna, don tun daga nan lissafi ke karkacewa. Rana ta 1 ita ce ranar da jan jini ya fara zuba sosai, har sai an sa audugar mata. Ɗan ɗigon nan mai ruwan ƙasa da wasu ke gani kwana ɗaya ko biyu kafin nan ba ya cikin sabon zagaye, na tsohon ne. Daga rana ta 1 ake ƙirgawa har zuwa ranar da gobenta jini na gaba zai zo. Mata da yawa daga ranar da jini ya ɗauke suke farawa, shi ke nan lissafi ya goce da kwana 5 ko 6.

Misali: jini ya zo 3 ga Maris, na gaba ya zo 1 ga Afrilu. Ranar 3 ga Maris ce rana ta 1, ranar 31 ga Maris ce rana ta 29. Tsawon zagayen kwana 29 ke nan. Kwanan wata na iya canzawa kowane wata alhali zagayen bai motsa ba, tunda watannin ba tsawonsu ɗaya ba. Don haka mai cewa "al'adata ta rikice, wancan watan 3 ga wata, wannan 1 ga wata" ta ƙirga kwanakin tsakani kafin ta tada hankalinta.

Ga mace baliga, zagaye daga kwana 21 zuwa 35 lafiya ne, jinin kuma daga kwana 2 zuwa 7.

Likitar Mata:
Na gode Hajiya. In ɗora daga inda kuka tsaya. Zagaye zango biyu ne. Zangon farko daga rana ta 1 zuwa fitar ƙwai: a nan ƙwai ke girma cikin 'yar jakarsa a gidan ƙwai, jakar tana fitar da sinadarin istirojin, shi kuma yana kaurara bangon mahaifa. In istirojin ya kai wani matsayi, sai ƙwaƙwalwa ta sako sinadarin LH da yawa lokaci guda, jakar ta fashe, ƙwai ya faɗa bututun da ke kai shi mahaifa. Zango na biyu daga nan zuwa jini na gaba: ragowar jakar ce ke fitar da furojestaron don riƙe bangon mahaifa. In ciki bai shiga ba, ragowar jakar ta mutu, furojestaron ya sauka, bango ya zube.

Abin riƙewa shi ne zango na biyu kusan tsayayye ne, galibi kwana 12 zuwa 14, kuma ga mace ɗaya ba ya cika sauyawa daga wata zuwa wata. Zangon farko ne mai miƙewa da tsukewa. Shi ya sa daga baya ake lissafi: a cire 14 daga tsawon zagaye.

Zagayen kwana 28, ƙwai wajen rana ta 14.
Zagayen kwana 24, wajen rana ta 10.
Zagayen kwana 35, wajen rana ta 21.

To kun ga rana ta 14 ta mai kwana 28 ce, ita ma ba kullum ba. A misalin Hajiya na kwana 29, rana ta 15 ce, wato 17 ga Maris.

Sannan in an ce al'ada ta makara kuma babu ciki, a mafi yawan lokuta ƙwai ne ya makara. Zazzaɓi, damuwa mai tsanani, doguwar tafiya, rama ko ƙiba cikin gaggawa, motsa jiki mai wahala, duk suna iya ɗage fitar ƙwai, jini kuma sai ya jira makonninsa biyu bayan nan.

Ƙanwarku:
Anti Likita, ke nan rana ɗaya tak ce a wata ake iya ɗaukar ciki?

Likitar Mata:
A'a ƙanwata, kwana 6 ne. Ƙwai bayan ya fita awa 12 zuwa 24 kawai yake yi da rai. Amma ƙwayoyin maniyyi, in sun samu ruwan bakin mahaifa mai kyau, suna iya kai kwana 5 suna jira. Don haka kwana 5 kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa su ne kwanakin ɗaukar ciki. Wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 1995 shi ya tabbatar da wannan, kuma ya nuna dama ta fi yawa a kwana biyun da ke kafin fitar ƙwai da ranar kanta. Washegarin fitar ƙwai dama ta faɗi ƙasa warwas. Mai neman ciki da ke jiran sai ta tabbatar ƙwai ya fita sannan a sadu, ta makara.

Anti Nas:
Ni dai zan tsaya wa kalanda, don ana yawan rena ta. Ba kowace mace ce za ta iya auna zafin jiki kowace safiya ko sayen tsinken gwaji kowane wata ba. Biro da takarda kuwa kowa na da su. Ga yadda ake yi da kyau: a rubuta tsawon zagaye na aƙalla wata 6. A ɗauki mafi gajarta a cire 18, shi ne ranar farko ta yiwuwar ciki. A ɗauki mafi tsawo a cire 11, shi ne ranar ƙarshe.

A ce zagayen mace sun kasance 27, 30, 28, 32, 29, 31. Mafi gajarta 27, a cire 18, saura 9. Mafi tsawo 32, a cire 11, saura 21. Daga rana ta 9 zuwa ta 21 ke nan. Kowane wata a ƙara sabon adadi a sake lissafi. Wannan dabara ta daɗe, tun wajen 1930 likitoci biyu, Ogino na Japan da Knaus na Austiriya, suka gano cewa daga jini na gaba ake dawowa baya.

Akwai wadda ta fi wannan sauƙi, wadda Jami'ar Georgetown ta fitar a farkon shekarun 2000. In zagayen mace yana tsakanin kwana 26 da 32, ta ɗauki rana ta 8 zuwa ta 19 a matsayin kwanakin ɗaukar ciki, ba sai ta yi wani lissafi ba. Har da zaren duwatsu masu launi ake haɗa ta da shi, CycleBeads: ja ɗaya na rana ta 1, farare 12 na kwanakin ɗaukar ciki, sauran masu ruwan ƙasa, da zoben roba da ake matsarwa kullum. Sharaɗin dai, in sau biyu a shekara zagaye ya fita daga 26 zuwa 32, hanyar ba tata ba ce.

Malamar Ɗakin Gwaji:
Anti, ba rena kalanda ake yi ba, iyakarta ake faɗa. Kalanda labarin watannin da suka wuce take bayarwa, ba ta san abin da wannan watan zai yi ba. Ki duba misalinki: kwana 13 cur daga rana ta 9 zuwa ta 21, alhali kwana 6 ne na gaske a ciki. Ga mai neman ciki ta yi faɗi da yawa, ga mai tazara kuma wata ɗaya da zazzaɓi ya ɗage ƙwai zuwa rana ta 24 ya ishe ta. Masu binciken 1995 ɗin da Likita ta ambata sun sake fitar da wani a 2000, inda suka ga kusan mace 3 cikin 10 ne kawai kwanakin ɗaukar cikinsu suka faɗa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17.

Manhajojin waya ma mafi yawansu wannan lissafin suke yi. Furen da take zana miki a kan wata rana ba daga jikinki ta gani ba, matsakaicin watanninki ta ɗauka. Tana da amfani wajen ajiye bayani, amma hasashe ne.

Anti Nas:
Na yarda hasashe ne. Amma ki faɗi adadin ma: hanyar rana ta 8 zuwa 19, in an bi ta daidai, mata 5 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara, a yadda mutane ke bi a zahiri kuwa wajen 12. Ba ta kai allurar tazara ko ashanar hannu (ɗan siririn roban da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse) ba, waɗannan ai wani mataki ne daban, amma ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Hajiya Ungozoma:
Ku duka kuna da gaskiya, sai dai kun tsallake alamar da ba a saya kuma take gaba da ƙwai, wato ruwan bakin mahaifa. Ita ce nake so a daɗe a kanta.

Bayan jini ya ɗauke, yawanci akwai 'yan kwanaki na bushewa. Sai a fara ganin wani abu mai danƙo, fari ko mai ɗan rawaya, in an ja shi tsakanin yatsu ya katse. Daga nan ya koma mai laushi da damshi. In istirojin ya hau sosai sai ya zama garau, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, yana miƙewa santimita da dama bai tsinke ba. Wata ba za ta ga mai miƙewar ba, santsi kawai za ta ji in ta share gabanta. Wannan santsin ma lissafi ne. Da zarar ƙwai ya fita, furojestaron ya daskarar da ruwan, a koma danƙo ko bushewa.

Yadda ake dubawa: duk lokacin shiga banɗaki, kafin fitsari, a shafa farar takarda daga gaba zuwa baya, a lura da yadda ta wuce, da turjiya ko da sulɓi, sannan a dubi abin da ke kanta. Da dare a rubuta mafi santsin abin da aka gani a ranar, ko da sau ɗaya aka gan shi.

Ranar ƙarshe ta santsi ita ce ranar ƙoli. Ku lura, ta ƙarshe na ce, ba wadda ruwan ya fi yawa ba. Ba a gane ta sai washegari, in an ga an koma danƙo. Ƙwai yakan fita a ranar ko kwana ɗaya zuwa biyu kusa da ita. Mai neman ciki, duk ranar da ta ga santsi ranarta ce. Mai tazara kuwa tun daga ranar farko da ta ga kowane irin damshi za ta kiyaye, har sai yammacin rana ta 4 bayan ranar ƙoli.

Abubuwan da ke ruɗa shi: maniyyin daren jiya yana fitowa da safe da kama da ruwan santsi. Ruwan sha'awa ma haka, amma shi yakan bushe cikin kamar awa ɗaya. Man shafawa na saduwa. Wanke cikin farji da sabulu ko wani haɗi, wanda ke share alamar kuma ya buɗe ƙofar cuta. Sai ciwon sanyi: in ruwan na wari, ko kore ne, ko gudaji-gudaji da ƙaiƙayi, a bar lissafi a nemi magani.

Malam Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya, da izininku in ƙara ta ɓangaren magunguna. Maganin mura da na ƙaiƙayin jiki, irin masu busar da majina, suna iya rage ruwan bakin mahaifa. Kulomifin, wanda ake bayarwa don tada ƙwai, shi ma a wasu mata yana busar da shi, kuma ba maganin da za a saya a sha ba tare da likita ba ne. Ƙwayar gaggawa ta bayan saduwa aikinta ɗage fitar ƙwai ne, saboda haka lissafin wannan watan ya rushe, jini na iya zuwa da wuri ko a makare. Wadda kuma ke kan ƙwayar tazara mai sinadari biyu, jinin da take gani a makon hutu ba alamar fitar ƙwai ba ce, babu abin da za ta bibiya.

Ummu Sadiq:
Malama, tsinken gwajin fitar ƙwai fa? Mata da yawa na cewa kullum layi biyu suke gani, sun rasa gane kansa.

Malamar Ɗakin Gwaji:
Yauwa Yaya, nan ne babban ruɗanin. Sun ɗauka irin tsinken gwajin ciki ne, inda ko layi ya yi dishi-dishi an ce akwai. Na ƙwai ba haka yake ba. LH kullum akwai shi kaɗan a jiki, don haka layi na biyu mai haske ba komai ba ne. Sai layin gwaji ya kai layin tabbaci duhu ko ya fi shi sannan ake cewa ya nuna. In ya nuna, ƙwai yakan fita cikin awa 24 zuwa 36. A sadu ranar da washegari.

Ranar fara gwaji: a cire 17 daga tsawon zagaye. Mai kwana 28 ta fara rana ta 11, mai 35 ta fara rana ta 18. In zagaye na sauyawa, a yi lissafi da mafi gajarta, kuma a tanadi tsinke da yawa.

Lokaci: tsakanin hantsi da farkon dare, kusan lokaci ɗaya kullum. A rage shan ruwa awa 2 kafin nan, don fitsarin da ya tsinke da ruwa yana ɓoye hawan. A tara fitsari a mazubi mai tsabta, a tsoma tsinken kar ya wuce layin iyaka, a kwantar da shi, a karanta cikin mintunan da takardarsa ta faɗa, yawanci 5 zuwa 10. Wanda ya bushe aka dawo aka duba bayan awa guda ba a aiki da shi.

A wasu mata hawan LH gajere ne, bai kai yini ba. In layi ya fara duhu, a koma gwaji sau biyu a rana, in ba haka ba ya hau ya sauka tsakanin gwajin jiya da na yau.

Anti Nas:
Malama, ai fitsarin farko na safe aka san shi da ƙarfi. Me ya sa kika ce hantsi?

Malamar Ɗakin Gwaji:
Na gwajin ciki ne ya fi son fitsarin farko. LH yakan fara hawa a jini da sassafe, sai bayan wasu awanni yake bayyana a fitsari, don haka fitsarin farko na iya nuna babu a ranar da aka fara hawan. Amma akwai na'urorin gwaji masu allo da aka ƙera don fitsarin safe. Takardar cikin kwalin ita ce alƙali.

Likitar Mata:
A ƙara da cewa tsinke umarnin ƙwaƙwalwa yake gani, bai ga ƙwai ba. Yakan faru LH ya hau jakar ba ta fashe ba. Mai PCOS kuma, wato lalurar da ke rikita sinadaran jikin mace ta hana ƙwai fita a kai a kai, LH ɗinta na iya zama sama kusan kullum, ta yi ta ganin layi mai duhu ƙwai bai fita ba. Haka macen da ta kusa daina al'ada, da wadda aka yi wa allurar hCG (mai sa jakar ƙwai ta fashe) a asibiti, da mai ƙaramin ciki. Ruwan santsi ma na iya zuwa ya tafi ya sake dawowa cikin zagaye ɗaya: jiki ya yunƙura, bai samu ba, ya sake yunƙurawa. Mai tazara da ta saki jiki bayan santsin farko, a nan ake samun ciki. A gida, abin da ke tabbatar da ƙwai ya fita shi ne zafin jiki.

Bayan fitar ƙwai furojestaron na ɗaga zafin jiki na hutu da digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Salshiyas, ya zauna a sama har jini ya kusa. Ƙarin kaɗan ne, hannu ba ya jin sa, ma'aunin zazzaɓi ma bai cika kama shi ba. A nemi ma'auni mai lamba biyu bayan ɗigo, mai nuna 36.45 misali. A auna da an farka, kafin a sauko daga gado, kafin magana ko shan ruwa, bayan barcin aƙalla awa 3 a jere, a lokaci ɗaya kullum. A ƙarƙashin harshe, baki a rufe. Hammata ba ta da tabbas. Kar a canza ma'auni ko wurin aunawa a tsakiyar zagaye.

Ƙa'idar karantawa: ranaku 3 a jere da suka ɗara ranaku 6 da suka gabace su. A ce shidan su ne 36.35, 36.40, 36.30, 36.45, 36.38, 36.42. Mafi girma 36.45, a ja layi a kansa. Sai aka samu 36.58, 36.62, 36.70. Duk ukun suna saman layi, na ukun kuma ya ɗara layin da 0.2 ko fiye, tunda ya wuce 36.65. An tabbatar. In na ukun bai kai ba, a jira na huɗu, shi ya ishe shi ya kasance saman layi. Ƙwai yakan fita kwana ɗaya ko biyu kafin hawan farko.

Ranar zazzaɓi, ko daren da ba a yi barci ba, ko an makara sosai wajen tashi, ko an sha barasa, a rubuta adadin a zagaye shi da biro, kar a sa shi a lissafi.

Zafin jiki ba ya gaya wa mai neman ciki ta shirya, bayan an gama yake magana. Amfaninsa uku: ya nuna ana fitar da ƙwai, ya nuna tsawon zango na biyu, kuma in ya zauna a sama kwana 18 jini bai zo ba, a yi gwajin ciki. In wata bayan wata zango na biyu bai kai kwana 10 ba, a kai wa likita takardar.

Anti Nas:
Likita, wannan ai aiki ne ja. Mai jariri da ke tashi sau huɗu a dare ina za ta samu awa 3 a jere?

Likitar Mata:
Gaskiyarki Anti, ita zafin jiki ba zai yi mata aiki sosai ba, ruwan bakin mahaifa za ta fi dogara da shi. Amma ga wadda za ta iya, haɗa ruwa da zafi shi ne mafi inganci cikin hanyoyin nan. A wani babban bincike na Jamus da aka buga a 2007, masu bin ƙa'idar daidai ba su kai 1 cikin 100 da suka ɗauki ciki a shekara ba. Sai dai waɗannan mata ne da aka koyar da su sosai, mazajensu kuma suka ba da haɗin kai. Ra'ayina, macen da ciki zai zama haɗari ga lafiyarta kar ta jingina da lissafi kowane iri, ta nemi hanya mai ƙarfi. Kuma babu ɗaya cikinsu da ke kare cutar da ake ɗauka ta saduwa, wannan sai kwaroron roba.

Ƙanwarku:
To ciwon mara na gefe ɗaya da wasu ke ji a tsakiyar wata? Kuma da gaske ne in an sadu ranar ƙwai namiji ake samu?

Hajiya Ungozoma:
Ciwon gaskiya ne, wasu na jin sa minti kaɗan, wasu yini ɗaya ko biyu, wani lokaci da ɗan ɗigon jini. Amma yana iya zuwa kafin fitar ƙwai ko bayansa, mata da yawa kuma ba sa jin komai. A rubuta shi a gefe, kar a gina lissafi a kansa. Maganar namiji da mace kuwa, 'yata, a bar ta. Binciken 1995 ɗin nan ya duba, bai ga alaƙa tsakanin ranar saduwa da jinsin jariri ba. Masu ƙaurace wa wasu ranaku don neman namiji damar cikin kawai suke ragewa.

Ummu Sadiq:
Hajiya, a taɓa mana masu shayarwa da waɗanda suka bar allura. Kuma ana cewa ranar da jini ya ɗauke ba a ɗaukar ciki.

Hajiya Ungozoma:
Na ƙarshen tukuna. Mai zagayen kwana 24, ƙwanta wajen rana ta 10, kwanakin ɗaukar cikinta sun fara tun rana ta 5. In jininta kwana 6 yake yi, ranar da ya ɗauke tana tsakiyarsu. Don haka maganar ta dogara da tsawon zagaye.

Shayarwa tana hana ciki ne in sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Ƙwai na iya riga jinin farko fita, shi ya sa ake samun ciki ba a ga al'ada ba. Wadda ba ta shayarwa, tun daga mako 3 bayan haihuwa take buƙatar kariya. Bayan ɓari kuwa ƙwai na iya fita cikin mako 2. A duk waɗannan kalanda ba ta da abin cewa sai zagaye ya daidaita.

Malam Mai Harhaɗa Magani:
Allurar wata uku ita ce mai jinkiri. A matsakaici wajen wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ciki ya samu, wasu har fiye da shekara, kuma wannan ba lalacewar mahaifa ba ce. Ƙwaya, ashanar hannu da robar mahaifa, da an daina ko an cire ƙwai na iya dawowa a watan farko.

Likitar Mata:
Ga masu neman ciki da lissafin ya fara zame musu damuwa: saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsawon wata tana rufe kwanaki shidan ba tare da an auna komai ba. Tara maniyyi na mako biyu don "ranar" ba ya ƙara komai. A fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki. Fiye da 80 cikin 100 na ma'auratan da matar ba ta kai 40 ba suna samu cikin shekara.

Lokacin zuwa asibiti: shekara ɗaya ana nema in mace ba ta kai 35 ba, wata 6 in ta kai, in ta kai 40 kuwa ba jira. Haka in zagaye ya gaza 21 ko ya wuce 35 a kai a kai, ko wata 3 babu jini babu ciki, ko jini tsakanin al'ada ko bayan saduwa, ko audugar mata na jiƙewa duk awa ɗaya ko biyu. A nan za a duba PCOS, da sinadarin tayirod, da furolaktin mai sa nono. Maigida ma a gwada maniyyinsa tun farko, gwajin mai sauƙi ne, kuma kaso mai yawa na jinkirin haihuwa akwai hannun ɓangaren namiji. In al'ada ta wuce lokaci sannan ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, wannan na gaggawa ne, ciki na iya zama a bututu.

Maman Amira:
Likita, wata 'yar uwa ta turo a ɓoye: an yi gwajin jini na rana ta 21 aka ce ba a fitar da ƙwai, alhali zagayen kwana 34 zuwa 35 ne. Me za a ce mata?

Malamar Ɗakin Gwaji:
Kafin Likita ta zo: an ɗebi jinin da wuri. Furojestaron ake aunawa, shi kuma yana kai ƙololuwa wajen kwana 7 bayan fitar ƙwai, wato kwana 7 kafin jini na gaba. Rana ta 21 ta mai kwana 28 ce. Mai kwana 35 a rana ta 21 ƙwan ma yanzu yake fita, dole sakamako ya yi ƙasa. Rana ta 28 ya kamata a ɗiba.

Likitar Mata:
Haka ne. Ta koma da takardar zagayenta a sake sa mata rana. In tana amfani da tsinke, ta ƙirga kwana 8 daga ranar da ya nuna. Bayan an ɗebi jinin ta rubuta ranar da al'ada ta zo, don in ba ta zo cikin kwana 6 zuwa 9 ba, lokacin bai dace ba, sai a maimaita. In zagayen ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya, ana iya ɗiba mako-mako har jini ya zo, ko a bi jakar ƙwan da hoton sikanin: tana ƙaruwa da kusan milimita 2 a rana, takan fashe in ta kai wajen milimita 18 zuwa 24, sai a sake ɗaukar hoto bayan kwana biyu ko uku a ga ko ta sace.